Ƙwallon Ayabar da Ya Ɓantare Haƙorin Ango

In ka ambaci Eriya Walugembe a tashar binciken ayaba da ke arewa da Kampala, sai an yi dariya tukuna kafin a ce maka mutumin kirki ne. Kuma mutumin kirkin ne. Laifinsa ɗaya: shi kaɗai ne uban amaryar da aka taɓa gani ya durƙusa a gaban surukinsa, ranar gabatar da ango, yana roƙonsa ya buɗe baki a leƙa.

'Yarsa Milika ce ta kawo wanda za ta aura gida, wani direban babbar mota mai suna Kityo, wanda ke jigilar ayabar dafuwa daga Masaka zuwa birni. Aka kafa rumfa a gaban ɗakunan ma'aikata. Dangin ango suka zo cikin kanzu, dogayen fararen riguna, da kwat, masu magana da yawun ɓangarorin biyu suka yi ta wasa baki har rana ta karkata, sannan aka shigar da ango da 'yan rakiyarsa ɗaki su ci abinci. Uban amarya ba ya shiga nan. Uwar amarya kuwa, ko inuwarta ba ta giftawa ta gaban suruki. Damali, yayar Eriya da ta zo daga ƙauye, ita ce gwaggo, don haka ita ke zubawa. Ta kwance ganye, matoke, tuwon ayabar dafuwa, ya fito ruwan ɗorawa, yana tiriri, da laushi kamar man shanu. Ango ya kai loma ta farko lafiya, ta biyu lafiya. A ta uku aka ji ƙas! Har na bakin ƙofa sun ji.

Kityo ɗan gidan mutunci ne. Idonsa ya cika da ƙwalla, amma sai ya sunkuyar da kai ya ajiye abin da ya tauna a gefen ganye, tare da ɓallin haƙorinsa, wanda ke kusa da fiƙa, daidai inda murmushi ke tona asiri. Damali ta dunƙule abin a hannu ta fita bayan ɗaki inda ake girki, tana huci.

"Wace mai baƙin cikin ce ta sa tsakuwa a matoken ango? Yau sai ta faɗa min!"

Eriya na zaune nan kusa, inda al'ada ta ajiye shi. Ya kalli tafin hannunta, ya ga wani abu baƙi mai kusurwa, bai kai ƙwayar wake ba. Ya miƙe a hankali kamar wanda aka kira sunansa a mafarki.

"Yaya, wannan ba tsakuwa ba ce. Daga ina aka saro ayabar ango?"

"Ni na saro da hannuna, a bayan ɗakinka. Waɗanda ka ɗaura wa jan ƙyalle mana. Ba haka ake ware na biki a gida ba?"

Ba a sake jin muryarsa ba sai a cikin ɗaki. Ya ture labule, ya zube gwiwa biyu a gaban yaron da ya zo neman 'yarsa.

"Ɗana, ka yi wa Allah, guda ɗaya ka ji ko biyu? Ba ka haɗiye wani ba? Buɗe in gani."

Ango ya buɗe. To me zai yi? Suruki ne ya ce. Sai da Damali ta ja ƙanenta waje da wuyan riga, shi kuwa yana waiwayen abincin, yana cewa kada kowa ya ƙara loma sai an tace.

Wanda bai san aikin Eriya ba zai ce taɓin hankali ne. In ma shi ne, irin wanda aiki ke sa wa mutum ne sannu a hankali, kamar yadda igiya ke cin bakin rijiya.

Ya zo tashar yana saurayi, daga wani tudu can bayan Masaka, da niyyar ya yi shekara biyu ya samu abin sayen kwanon rufi ya koma. Suka miƙa masa tsani. Aikin ba wuya a faɗe shi. Da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, ya je gonar ayabar daji, wadda 'ya'yanta ba komai a ciki sai ƙwallaye, ko biri sai ya yi shawara kafin ya ci, amma ba ta san ciwo ba. Ya tsinko furenta na namiji mai farin gari. Ya saɓi tsani ya nufi gonar ayabar matoke. Duk wadda ta fitar da kai, ya hau, ya ɗaga marfin furen, ya goga garin a kan na macen, ya rufe da jakar yadi don kada ƙudan zuma su kawo tasu gudummawar, ya ɗaura jan ƙyalle. Gobe wani nonon zai buɗe a ƙasan na jiya, sai ya dawo. Jibi ma haka. Bayan 'yan watanni a sare kan, a jingine a rumfa ya nuna, mata su zauna su murtsuke ayaba ɗaya bayan ɗaya suna laluben ƙwallo. Sau da yawa a murtsuke tulin da zai ciyar da unguwa, a tashi da ƙwallo biyu, ɗayan ma fanko. Abin da ake nema shi ne ɗa mai ɗanɗanon uwa da taurin ran uba, domin ciwon baƙin ganye da ƙwaron da ke cin gindi sun gama da gonaki da yawa.

Ya daɗe yana hawa da sauka bai san dalilin wannan rowa ba, sai da Dakta Atuhaire ta zo, wata 'yar siririyar mace daga yamma, mai dariya da ido. Ita ta kira shi ɗakin gwaji wata rana, ta yanko kan saiwa, ta rina, ta sa a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa, ta ce ya leƙa. Ya ga wasu 'yan guntayen zare, kamar shinkafar da ta zube a tabarma.

"Kayan gado ke nan, Baba Eriya," in ji ta. "A littafi kuromosom ake ce musu. Ni da kai da ayabar daji dami biyu gare mu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In za a haihu, kowa ya raba nasa biyu ya ba da ɗaya. Ayabar matoke kuwa dami uku gare ta. To raba min uku gida biyu, ba yanka, ba saura."

Eriya ya ɗago daga madubin. Ya taɓa ganin an raba shanu uku tsakanin 'yan'uwa biyu a garinsu, har yau ba sa gaisawa.

"Ai sai rigima, Dakta."

"Rigimar ce ke kashe ƙwallon tun bai zama ƙwallo ba. Sai can ba a rasa ba, uwar ta gaji da rabo ta miƙa duka ukun, uba ya ɗora ɗaya, a samu mai huɗu. Shi muke nema, don huɗu na rabuwa. Mu haɗa shi da mai biyu, jika ya dawo uku, ba ƙwallo, a ci lafiya."

"Wato mu sha wuya mu sa mata ƙwallo, sannan mu sake shan wuya mu cire."

"Ka gane aikin. Saura haƙuri."

Sanin bai sake shi ba, ƙara ɗaure shi ya yi. Mai noman masara yana da ranar da zai kwashe amfaninsa, ya tsaya ya ga gona fili, ya ce to bana ta ƙare, in ya ga dama ya kama hanya. Ayaba ba ta ba mutum wannan ranar. A gindi ɗaya akwai uwa mai kai, da 'ya tana biye, da jika ta leƙo daga ƙasa. Kafin ka sare na wannan, waccan ta fara fure. Ba Lahadi, ba Kirsimeti. Eriya kan shiga coci ana tsakiyar waƙa, da tabon ruwan ayaba a rigarsa, irin tabon da ba sabulun da ke fitar da shi. Shekara biyun nan suka zama goma, goma suka ninka. Ya yi aure a ɗaki biyun ma'aikata, ya haifi 'ya'ya a nan. Masu bincike suka zo suka samu digirinsu suka tafi ƙasashen waje, tsanin ma an sauya shi daga na katako zuwa na ƙarfe, shi yana nan. Kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu. In ya je tudu gaida tsohuwarsa, kwana biyu ne, a na uku ya fara kallon hanya.

Shekarar da tsohuwar ta rasu ya taho da wasu 'ya'yan ayaba daga gonarta, ya dasa a bayan ɗakinsa. Iri ne da a tudunsu kaɗai ake ji da shi. Kansa ba girma, amma in aka dafa shi, ko ya huce ba ya tauri. Ma'aikata suka sa wa ayabar suna Ta-Tsohuwa. Ciwo na cinye ta a can gida, gindi bayan gindi. Tashar ta gwada ta shekaru ba ta ga ko fankon ƙwallo ba, aka cire ta daga aiki, domin ba kowace ayaba ke yarda ba, hannaye kuma kaɗan ne. Eriya bai yi gardama ba. Sai dai kullum in ya taso akwai ragowar fure a aljihunsa, tsani na kafaɗarsa, bayan ɗaki kuma a kan hanya yake. Ya hau, ya goga, ya ɗaura ƙyalle. Kamar mai gaida kurma: ba don a amsa ba, don dai kada a ce ya wuce bai yi magana ba.

Matarsa Keziya 'yar gona ce, zaman tashar bai taɓa shiga jininta ba. Abin da take so bai da yawa: ƙofar da ba ta kallon ƙofar wani, da gonar da za ta sari ayaba ba tare da ta tambaya ko ta gwaji ce ba. Eriya ya yi mata alkawari, ranar da suka aurar da Milika, autarsu, za su koma tudu. Ta riƙe maganar kamar yadda ake riƙe ƙwai. Tun kafin bikin ta ɗaure manyan tukwanenta da igiyar ayaba ta tura ƙarƙashin gado, na aro aka yi girki da su.

Sai ga ƙwallo a bakin ango.

Washegari ya kai wa Dakta shi a kwalin ashana. Ta juya shi, ta fasa da 'yar wuƙa, ta leƙa. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Cike yake," ta ce. "Akwai ɗa a ciki. Da can dai."

"Ba abin da za a yi? Ku da kuke tsirar da su a kwalba?"

"Baba Eriya, an turara shi tun safe, an danne, an sake turarawa. Ni ba mai ta da matattu ba ce." Ta mayar masa da ɓawon. "Ka ji ni da kyau. Wataƙila ta sake yi bana, wataƙila sai bayan ni da kai. Ko ta yi, daga ƙwallo zuwa ayabar da manomi zai dasa, shekara goma ce da ɗoriya. In kana da inda za ka, ka tafi."

Duk wannan bai shiga kunnensa ba. "Cike yake" kawai ya ɗauka ya kai gida. Ya tarar da Keziya tana tsintar wake. Ya zauna nesa kaɗan, ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Uwar Milika, akwai saura kai uku a baya da na riga na goga. Su nuna tukuna."

"A tsakanin nan, in wata ta yi fure, ido za ka rufe ka wuce ta?"

Ya kalli ƙafafunsa.

"An ce mai haƙuri yakan dafa dutse," ta ce, tana jefar da wani wake mai ƙwaro. "Mu dai mun dafa, suruki ya sha romon. Ban san me kuma ake jira ba."

Da yamma ta jawo tukunya ɗaya daga ƙarƙashin gado ta kwance. Ɗaya kawai.

Haka tukwanen suka riƙa fitowa, ɗaya bana, ɗaya baɗi. Eriya ya cika bayan ɗaki da Ta-Tsohuwa har ba inda za a shanya wanki. Ya gwada gogawa kafin fitowar rana, ya gwada bayanta, ya gwada lokacin ruwa da lokacin fari. Kowane kai sai ya bar shi ya nuna, ya murtsuke a daro, ya tace da rariya, aladen maƙwabci ya yi ƙiba. Gidan da ayaba ta kewaye, tuwon masara da wake ake ci, in ba Kityo ya sauke musu kai ɗaya daga mota ba. Shi ma in zai miƙa sai ya yi murmushin nan mai taga, ya ce, "Baba, wannan na bincika, ba duwatsu."

A tsakanin nan tashar ta fitar da sababbin iri daga waɗansu iyayen, waɗanda Eriya da kansa ya goga wa kakanninsu fure. Ciwo ba ya kama su, kai kamar ɗan maraƙi. Aka yi taro, aka tafa, aka kira shi gaba ya gaisa da manya. Ya ji daɗi, ba ƙarya. Da aka dafa ya ci, ya ce ba laifi. Keziya ta ce, "Ba laifi kawai?" ta ƙara. Shi dai ya lura in ya huce yana ɗan tauri a gefe.

Ba wai ba ya son tafiyar ba ne, nan mutane ba su gane shi ba. Yakan tsaya a saman tsani, kansa cikin ganye, ya hango jar hanyar da ta fita daga tashar, ya ji ƙamshin tudunsu har cikin hanci, hayaƙin murhu da kofi na bushewa a tabarma. Ya ce a ransa, wannan kan shi ne na ƙarshe. Ya sauko da niyya sosai. Sai ya juya ya ga ta kusa ta turo jan kai, kuma wa ya sani ko ita ce? Shekarun da ba a ga komai ba sun fi sauƙi. A lokacin in ya tafi, aiki kawai ya bari. Yanzu in ya tafi, ya tashi ne daga bakin ƙofar da aka taɓa buɗe masa sau ɗaya.

Lokacin ajiye aiki ya zo, ya roƙa aka ƙara masa, aka sake ƙarawa, Dakta na girgiza kai. Gwiwoyin Keziya suka fara ƙara in ta durƙusa gaida baƙi. Damali ta aiko cewa rufin ɗakin tsohuwa ya rufta, awakin maƙwabta sun mai da wurin nasu. Ranar da Keziya ta kwance tukunya ta ƙarshe, don jikoki sun zo hutu, ta zauna ta daɗe tana kallon ƙarƙashin gadon da ba komai.

Ba ta yi faɗa ba. Ta aiki Milika wurin Kityo, tun da ita ba ta magana da suruki ido da ido, ta ce ranar Asabar in motarsa za ta koma Masaka ba kaya, ya biyo. Sannan ta gaya wa Eriya tana zuba masa shayi.

"Baban Milika, Asabar zan tafi tudu. Ina so in dasa wani abu da hannuna tun ina iya sunkuyawa. Akwai wurin mutum biyu a motar."

"Ta bakin katanga jiya ta buɗe nonon farko," ya ce a hankali. "Sai ta yi kamar mako kafin..."

"Na gani. Ina da ido."

Ranar Asabar ya fita da sassafe tsinko fure kamar kullum. Da ya dawo ya tarar da mota a ƙofar gida, an ɗora gado da katifa. Ya zaga baya, tsanin ya kusa faɗuwa daga kafaɗarsa. Ramuka ne ko'ina. Keziya na tsaye da fartanya, taɓo har gwiwa. Duk 'ya'yan Ta-Tsohuwa ta haƙe su, ta gyare saiwa, ta naɗe da ganye an sa a mota, har da biyu na ayabar daji da ta je da ƙafarta ta roƙo wurin Dakta. Manyan kaɗai suka rage a tsaye, kowace da jan ƙyallenta.

"Keziya, me kika yi haka?"

"Shekara da shekaru ina jan akuya ta ƙi," ta ce, ba ta kalle shi ba. "Sai na tuna akuya ba ta barin turkenta. To na tumɓuke turken, yana cikin mota. In za ta bi, ta bi."

"Waɗannan fa?" Ya nuna masu ƙyallen.

"Ni zan duba su," in ji Dakta Atuhaire, wadda ta zo sallama tana tsaye a gefe. Ita ma furfura ta fara fito mata. "Da hannuna zan murtsuke su."

"Ta bakin katanga kuma ba ta gama buɗewa ba."

"Hau ka goga na yau," Keziya ta ce. "Na gobe na Allah ne."

Ya jingina tsanin ya hau. Ya daɗe a can fiye da yadda aikin ke buƙata. Ba wanda ya kira shi. Kityo ma ya kashe mota. Da ya sauko, ya tsaya tsakanin ramukan da matarsa, yana kallon hannunta da fartanya ta ɗaye. Tun yana matashi yake lissafin wace ayaba ce za ta iya jira, wacce ba za ta iya ba. Sai ya saɓi tsanin ya nufi ɗakin ajiya zai mayar.

"Tafi da shi," Dakta ta ce. "Ya lanƙwashe daidai kafaɗarka, ba wanda zai yi wa amfani."

Kityo ya buɗe masa ƙofar gaba. Keziya ba za ta zauna kusa da suruki ba, don haka ta riga ta hau baya, kan katifa, tsakanin tukwane da 'ya'yan ayaba. Eriya ya kalli kujerar gaban, ya zaga ya hau baya shi ma, ya zauna kusa da ita, tsani a kan cinya, fuska na kallon inda aka baro. Har ganyayen tashar suka ɓace bai juya ba. Sai da suka hau kwalta ta kwance ƙulli ta sa masa dafaffen rogo a hannu.

Bayan watanni Dakta ta kira shi a waya ta ce ba a samu komai ba.

"Duka?"

"Duka, Baba Eriya."

"Kin tace da rariya?"

"Na tace."

Ya yi godiya sosai, ya ajiye wayar, ya ce wa Keziya wataƙila rariyar tashar mai manyan ido ce.

Yanzu suna tudu. An yi rufin kwano, wanda ya fita nema tun yana saurayi. Maƙwabta duk sabon irin suke nomawa, suna jin daɗinsa, kuma in suka wuce ta gaban ayabar dajin sai sun tsaya sun tambaya ko Eriya noman tsakuwa ya koma yi. Keziya ta kafa doka: kai ɗaya na tukunya, kai ɗaya na tsani. Nata farin ƙyalle take ɗaura musu, nasa ja, Damali kuwa an hana ta riƙe adda a gonar gaba ɗaya. Kullum da safe yana hawa, a hankali yanzu, Keziya na riƙe da ƙafar tsanin tana gaya masa cewa in ya faɗo ita ba mai jinya ba ce. Wanda ya ce ya bar tashar bai yi ƙarya ba. Wanda ya ce tashar ce ta yi ƙaura zuwa tudu, shi ma bai yi ba. Ƙwallo dai har yau shiru.

Kirsimetin da ta wuce Kityo ya zo da Milika da yara. Aka ci aka ƙoshi da na farin ƙyalle. Kityo ya miƙe ƙafa a inuwa, ya kalli tsanin da ke jingine, ya saki murmushin nan mai taga.

"Baba, tun kafin a haife ni kake ɗaura wa ayaba aure. Ɗa ɗaya ta haifa maka, shi ma a bakina ta sauka. Ba ka gaji ba?"

Yara suka fashe da dariya. Daga bayan ƙofa ma aka ji dariyar Keziya. Eriya ya miƙe ya shiga rumfa, ya fito da nono guda na Ta-Tsohuwa, nunanniya luguf, da jan ƙyallen har yanzu a jikinta. Ya ajiye a gaban surukinsa.

"Ɗana, Dakta ta nema da madubi ba ta samu ba. Ni na nema da rariya ban samu ba. A duk ƙasar nan bakinka kaɗai ya taɓa samowa. Wannan ba a dafa ta ba. Gyara zama ka ci a hankali, da ɗaya gefen."